Jiki Ma Rumbu Ne: Dalilin Ramar Damina Da Maganinta

'Yan'uwa manoma, akwai wani abu da muke gani kowace shekara har mun daina mamakinsa. Daga watan Yuli zuwa Satumba mutanen ƙauye sukan rame. Wando ya yi wa maigida yawa, zane ya ƙara zagaye uwargida, wuyan yara ya yi tsawo. In kaka ta yi aka ci sabon hatsi, sai jiki ya komo. Waɗansu sukan ce halin damina ke nan. Waɗansu su ce sanyi ne, ko jini ne ya ƙare, har da masu cewa sammu ne. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne, yawancin wannan rama lissafi ne kawai, watau lissafin abin da ya shiga jiki da abin da ya fita. Tun da yake lissafi ne, ƙungiyar manoma tana iya gyara shi, in ta fara tun daga kaka.

Abin da ke shiga

Kamar yadda muke awon hatsi da mudu, haka masana suke awon ƙarfin da ke cikin abinci da wani ma'auni da ake kira kalori. Wani Ba'amurke mai suna Wilbur Atwater ne ya daidaita wannan awo a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yanzu da shi ake aiki. Giram ɗaya na garin hatsi zalla ko sukari yana ba da kalori 4. Abinci mai gina jiki, irin wanda ke cikin nama da wake, shi ma 4 ne. Amma giram ɗaya na mai ko kitse yana ba da kalori 9, fiye da ninki biyu.

Ga kimanin ƙarfin da ke cikin giram 100 na abincinmu:

Gero, dawa ko masara, busassu: kalori 350.
Busasshen wake: kalori 340.
Gyaɗa wadda aka ɓare: kalori 570.
Man gyaɗa ko manja: kalori 900. Babban cokali ɗaya ya kai 120.
Ɗanyen rogo: kalori 160. Doya: kalori 120.
Ɗanyen ganye, kamar zogale da tafasa da alayyafo: bai kai kalori 70 ba.

Mu lura da na ƙarshen nan. Ganye yana da amfani ƙwarai, yana gyara jini da ido, kada a raina shi. Amma ba shi da ƙarfi. Mutum yana iya cika cikinsa da kwaɗon ganye ya tashi da ƙoshi, alhali bai samu rabin ƙarfin da malmalar tuwo ɗaya za ta ba shi ba. Cikar ciki daban, ƙarfin jiki daban.

Abin da ke fita

Ko mutum yana barci jikinsa yana cin ƙarfi. Zuciya tana bugawa, huhu yana numfashi, ƙwaƙwalwa tana aiki, jiki yana riƙe ɗuminsa. Wannan kaɗai yakan ci wa babban mutum kalori 1,300 zuwa 1,700 a kwana ɗaya, gwargwadon girman jikinsa. A kan wannan ne ake ɗora aiki. Namijin da ke zaune a ofis ko a shago yana bukatar wajen 2,200 zuwa 2,500. Wanda ya wuni sunkuye da fartanya ko garma yana bukatar 3,000 zuwa 3,500. Macen da ke noma, ta yi surfe da daka, ta ɗebo ruwa, ta yo itace, tana bukatar 2,500 ko fiye. In tana da tsohon ciki a ƙara mata wajen 300. In tana shayarwa a ƙara wajen 500.

In abin da ya shiga ya fi abin da ya fita, jiki yakan ajiye rarar, ya mai da ita kitse. In abin da ya fita ya fi, jiki yakan buɗe ajiyarsa ya ɗiba. Shi ya sa muka ce jiki rumbu ne. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Kitsen da aka ƙone kuwa ba ta gumi yake fita ba, yadda mutane da yawa suke tsammani. Mafi yawansa ta numfashi yake fita, saura kuma ya zama ruwa.

Lissafin damina

Bari mu ɗauki misali. Ga manomi a tsakiyar noma, yana bukatar kalori 3,200 a rana, amma abin da yake samu 2,700 ne. Giɓin 500 ke nan. Bai kwana da yunwa ba, ba wanda zai ce gidansa babu abinci. Amma in aka yi kwana 60 a haka, giɓin ya zama 30,000. A raba da 7,700, an samu kusan kilo huɗu. Ga ramar damina nan, babu sammu a cikinta.

To, kalori 500 ɗin nan nawa ne a hatsi? Kimanin giram 140 ne, watau cikin gwangwanin madara ɗaya da ɗan ɗori. Abin da ke tsakanin manomi mai ƙarfi da manomi ramamme bai fi wannan ba a rana.

Damina takan haɗa abubuwa huɗu a lokaci ɗaya. Aiki yana kan ganiyarsa: noman farko, maimai, huɗa. Rumbu ya kusa kai ƙasa, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun yi yawa, su kuwa suna ƙara cin ƙarfin jiki, suna kuma kashe sha'awar abinci. Na huɗu, uwargida tana gona, itace ya jiƙe, sai girki ya koma sau ɗaya a rana. Ƙofar shiga ta ƙuntata, ƙofar fita ta buɗe.

Ba a ƙasarmu kaɗai ake ganin haka ba. A wani ƙauye mai suna Keneba a ƙasar Gambiya, likitoci daga Ingila sun fara awon mutane tun wajen 1950, suka ci gaba shekara da shekaru. Damina ɗaya gare su kamar mu, gero da gyaɗa da shinkafa suke nomawa. Sikeli ya nuna cewa manya sukan rasa tsakanin kilo biyu da biyar da damina, su maido da shi bayan kaka. Mata masu ciki ba sa ƙara nauyi yadda ya kamata a wannan lokaci, jariran da aka haifa a cikinsa kuma sukan zo da ƙarancin nauyi.

Me rama take yi wa mai aiki?

Wani zai ce, "To, mene ne? Ai in kaka ta yi jiki zai komo." Gaskiya ne yakan komo. Amma mu duba abin da ke faruwa kafin ya komo.

A shekarar 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji da samari 36 waɗanda suka ba da kansu domin a koyi yadda za a ciyar da mutanen da yaƙi ya bari cikin yunwa. Mako 24 ana ba su kimanin rabin abincin da suka saba ci, suna kuma tafiyar ƙasa kowane mako. Sun rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ba kitse kaɗai ya tafi ba, har da tsoka. Ƙarfin da jikinsu ke ci a lokacin hutu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, gama jiki ya shiga tsimi. Suka riƙa jin sanyi, da kasala, da saurin fushi, hankalinsu kullum yana kan abinci. Da aka zo maido da su, sai aka ga ƙwayoyin bitamin ba su yi wani abin kirki ba in abinci bai isa ba. Abin da ya maido su shi ne abinci mai yawa.

Ramarmu ta damina ba ta kai tasu ba, amma hanyar ɗaya ce. Jikin da ba ya samun abin da ya ishe shi yakan rage aiki da kansa, ba ya neman izinin mai shi. Mutumin da ya saba gama kadada cikin kwana kaza sai ya ga ya ninka kwanakin. Muna ce masa rago, alhali kuwa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ciyawa ba ta jira. Noman da ya makara yakan rage amfani, amfanin da ya ragu yakan sa rumbun baɗi ya ƙare da wuri, sai ramar baɗi ta fi ta bana. Haka abin yake zagayawa a gidaje da yawa.

Akwai darasi na biyu a gwajin nan. Kuɗin da muke kashewa a kan kwalaben maganin ƙarin ƙarfi da ake talla a kasuwa, da mun sayi gyaɗa da wake da su, da sun fi mana amfani.

Wa ke biyan bashin?

In abinci ya yi kaɗan a gida, ba a raba giɓin daidai. Maigida ake fara zuba wa, sa'an nan samari, sa'an nan yara. Uwa ce ta ƙarshe, ita ce mai kankare tukunya. Ga shi kuwa in muka yi lissafi, mai goyon da ke zuwa gona bukatarta ta kusa ta namiji mai noma.

A Gambiya ɗin nan, an yi gwaji a ƙauyuka 28, aka buga sakamakonsa a 1997. An riƙa ba mata masu ciki wani biskit na gyaɗa mai kimanin kalori 1,000 kowace rana. Jariran da aka haifa a lokacin yunwa sun ƙara nauyi da kimanin giram 200 a kan na waɗanda ba a ba su ba, mutuwar jarirai wajen haihuwa kuma ta ragu. Babu wani sirri a cikin biskit ɗin nan. Gyaɗa ce da gari da mai da sukari. Gyaɗar kuwa muna nomanta, sai dai mukan sayar da ita tun kaka.

Abin da muke ganin ya kamata a yi

Na ɗaya, a yi lissafin baki kafin a kai buhu kasuwa. A ƙiyasta rabin kilo na hatsi ga kowane mutum a rana, babba da yaro a haɗe. A shekara ya zama kilo 180 da 'yan kai. In aka sa dusa da ɓarnar ƙwari da baƙi, a ce buhu biyu masu kilo 100. Gida mai mutum goma, buhu ashirin, ban da iri. Abin da ya haura wannan shi ne na sayarwa. Abin da bai haura ba, in ka sayar, naman jikin iyalinka ka sayar, za a karɓa a watan Agusta. Hatsin da ake zubawa a tukunyar burkutu da wanda ake ƙararwa a bukukuwan rani, shi ma daga cikin buhu ashirin ɗin nan yake fita.

Mun san abin da za a ce mana. Kuɗin makaranta da kaka ake nema. Bashin taki da kaka ake biya. Ciwo ba ya jiran farashi ya tashi. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce mutum ɗaya zai iya shi kaɗai ba. Domin wannan ne aka kafa ƙungiya. A yawancin shekaru manomi yakan sayar da araha da kaka, ya sayi hatsin nan nasa da tsada da damina, wani lokaci ma ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago domin ya samu na awo.

Saboda haka na biyu, kowace ƙungiya ta yi rumbun damina. Bayan farin 1973 ƙauyuka da yawa a ƙasashen Sahel sun kafa bankin hatsi: a saya da kaka, a kulle, a buɗe da damina a sayar wa 'yan ƙungiya da sauƙi. Da yawa sun rushe, dalili kuwa sananne ne: an ba da bashi ba a biya ba, mabuɗi yana hannun mutum ɗaya, babu littafi. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, manoma sun bi wata hanya. Sukan ajiye hatsinsu a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance. Manomi ya karɓi rance ya biya bukatar kaka, ya yi sana'ar rani ya biya, ya karɓi hatsinsa lokacin da ya fi daraja. Ko mun bi wannan ko mun bi waccan, tilas ne a yi littafi, a karanta shi a gaban kowa, mata kuma su kasance cikin masu riƙe mabuɗi. Domin ƙwari, akwai buhu mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta fara yaɗawa a 2007. In hatsi ya bushe sarai aka ɗaure bakinsa da kyau, ƙwari sukan mutu don rashin iska, ba sai an sa magani ba.

Na uku, kada a sayar da gyaɗa da wake da riɗi duka. Cikin mutum yana da iyaka, na yaro ma ya fi ƙanƙanta. Kunu tsararo ruwa ne mafi yawansa. Cokali biyu na mai a miya, ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa a kunu, ko ƙuliƙuli a aljihu, suna rufe rabin giɓin nan ba tare da an ƙara girman kwano ba.

Na huɗu, a tare ƙofar fita. Injin niƙa a ƙauye yana ajiye wa mace ƙarfin da za ta ƙarar a turmi. Haka amalanke wajen ɗaukar ruwa da itace, da garmar shanu wajen huɗa, da itacen da aka tara aka rufe tun rani. Ƙungiyar da ta sayi injin niƙa ta ƙara wa matanta abinci, ko da ba ta ba su ƙwayar hatsi ɗaya ba.

Na biyar, kada a tafi gona da ciki wayam. Ɗumame ko kunu da safe, fura ko dafaffen wake da rana. A zuba wa mai ciki da mai goyo nasu tun farko, ƙananan yara kuma a ba su kwanonsu daban.

Na shida, ƙungiya ta sayi sikeli. A auna masu so a watan Afrilu, a sake a Agusta, a sake a Disamba, a rubuta. Mu ga lissafin da idonmu.

Masu neman rage ƙiba

Lissafin nan yana aiki ta ɗaya gefen ma. A cikinmu akwai waɗanda suka ajiye fartanya suka koma kasuwanci ko tuƙi ko aikin ofis. Babur ya karɓi tafiyar ƙafa. Aiki ya ragu amma malmala ba ta ragu ba, an ma ƙara shayi mai sukari da burodi da lemon kwalba. Kwalba ɗaya mai rabin lita tana da kalori wajen 200, sukarinta ya wuce ƙaramin cokali goma. Kafin a ƙone wannan sai an yi tafiya da sauri kusan awa ɗaya. Muna ce wa tumbi alamar hutu, amma sau da yawa bayansa hawan jini da ciwon sukari suke tafe.

Babu shayin rage ƙiba ko ɗamarar ciki da za su karya lissafin nan. Yawancin irin shayin nan gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan. Hanya ita ce a buɗe ɗan giɓi da gangan: a bar lemon kwalba, a rage sukari da soye-soye, a rage tuwo a ƙara ganye da wake, a yi tafiya kullum. A nan rashin ƙarfin ganye ya zama amfani, gama yana cika ciki. Rabin kilo a mako ya isa. Bayan 'yan watanni ragin zai yi sanyi, domin jikin da ya ragu abin da yake ci ya ragu, kuma yakan shiga tsimi. Kada a karaya, kada kuma a shiga horon yunwa, gama tsoka za ta tafi, ƙiba kuma ta dawo. Ba sai an rame ƙwarai ba. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su neman rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo shida ke nan da ɗan kai.

Haka kuma muna gargaɗin 'yan mata game da ƙwayoyin sa ƙiba. Waɗansunsu ruwa suke tara wa jiki, su kumbura fuska, su ta da hawan jini da sukari.

Ramar da ke bukatar asibiti

In mutum yana ci sosai, aiki bai ƙaru ba, amma yana ta ramewa, ko kaka ta wuce jikinsa bai komo ba, to akwai abin da ke huda rumbun. Tarin da ya wuce mako biyu tare da gumin dare yana iya zama tarin fuka. Yawan ƙishi da yawan fitsari yana iya zama ciwon sukari. Akwai tsutsar ciki, da ƙanjamau, da ciwon daji. Duk waɗannan gwaji suke so, kuma an fi samun sauƙinsu in an je da wuri. Yaro daga wata shida zuwa shekara biyar a auna damtsensa da tsinken awon nan mai launi. In ya nuna ja, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi a ranar, kada a jira gobe.

Domin tattaunawa a taron ƙungiya

1. A wane wata hatsi ya ƙare a yawancin gidajenmu bara?
2. Buhu nawa kowane gida yake bukata, nawa kuma ya ajiye?
3. Wace bukata ce ta fi tilasta mana sayarwa da kaka, yaya ƙungiya za ta tare ta?
4. Mata nawa ne a cikinmu za su kasance da ciki ko goyo a damina mai zuwa, me muka tanada musu?

Muna roƙon sakataren kowace ƙungiya ya rubuta amsoshin nan, a yanke shawara kafin buhun farko ya tafi kasuwa.